Madubin da Aka Wanke da Soso

Kun gan shi, kada ku ce ba ku gani ba. Duk uban da ya taɓa shiga ofishin shugaban makarantar nan ya gan shi tsaye a kusurwa, tsakanin firji da kabad ɗin kofunan gasa, fari ƙal, kan ƙafafu uku. Kun ce madalla, kun sa hannu a takarda, kun fita. Ba wanda ya tambaya ko akwai yaro ɗaya da ya taɓa kafa ido a jikinsa.

Malamar kimiyya ce kaɗai ke tambaya, shekara biyu ke nan. Madubin hangen taurari ne, tsofaffin ɗalibai suka kawo kyauta, aka yi hoto da shi, aka kai ofis aka ajiye. Ga shi saura mako uku 'yan ajin ƙarshe su fara jarrabawar fita, ita kuwa tun suna aji huɗu ta yi musu alkawarin ba za su bar makarantar ba sai sun leƙa sama da idonsu.

Ran Talata tana gaban allo, alli ya ɓata mata hannun riga.

"Ranarmu tauraro ɗaya ce tak cikin wani gungu mai taurari biliyoyi. Irin wannan gungu shi ake kira galaksi, kuma ba namu kaɗai ba ne. Wani a murɗe yake da hannaye, kamar maganin sauron da ake kunnawa. Wani kamar ƙwai, sumul, yawancin taurarinsa tsofaffi. Wani kuma ba fasali, kamar an zubar da gari a ƙasa."

Ta gaya musu yadda masana ke kafa manyan madubai a kan duwatsu, nesa da hasken gari, su bar kyamara a buɗe awa da awanni tana tara ɗan hasken da ke isowa. Ta ce murɗaɗɗen da ya fi kusa da mu, haskensa ya yi tafiyar shekara sama da miliyan biyu kafin ya iso, kuma da madubi irin na ofis ana ganinsa kamar ɗan farin hayaƙi.

Daga bencin baya wani dogo ya ɗaga hannu. "Malama, ke dai tsakani da Allah, kin taɓa gani, ko ke ma a allo aka zana miki?"

Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye allin, ta ɗauki wasiƙun iyaye arba'in da ɗaya da suka yarda 'ya'yansu su dawo bayan faɗuwar rana, ta nufi ofis.

Shugaba, wanda malamai ke kira Sai-An-Duba a bayan idonsa, yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, madubin nan na zo ɗauka."

"Malama, zauna mana. Ke kullum kamar ana korarki."

"Ana korata. Saura mako uku."

"Kayan tsada ne fa. Yaran nan da ko kujera ba su bari da ƙafa huɗu? In suka fasa, me zan nuna wa baƙi? Taurarin ai ba inda za su."

"Yaran ne za su tafi, ranka ya daɗe."

Ta zube wasiƙun a gabansa, ta zaro ɗaya ta ɗora a sama. Ya karanta sa hannun, ya ga na shugaban ƙungiyar iyaye ne, ya ture kofin shayin.

"To, yamma ɗaya. Baba! Zo ka kama mata."

Tsohon masinja ya shigo yana goge hannu. Kafin a ɗaga, Malama ta cire murfin bakin dogon bututun madubin ta leƙa ciki. Can ƙasa, inda madubin ciki yake, maimakon ta ga fuskarta tar, sai wani faifai dishi-dishi, duk zane a zagaye kamar gindin tsohuwar tukunya. Azurfar da aka shafa masa ta ɓare a wurare, har gilashin ya fito.

"Wa ya taɓa cikin nan?"

"Ni ne, 'yata," in ji Baba, har da gyara tsayuwa. "Duk ranar da za a yi baƙi, Shugaba kan ce komai ya yi ƙyalli. Hannuna bai kai ƙasa ba, sai na ɗaura soso a sanda, na ɗan sa garin wanki. Ƙurar ciki ba kaɗan ba ce, wallahi."

Ta dube shi. Tsoho ne, aikin da aka sa shi ya yi, har da ƙari. Ta juya ta jawo aljihun teburin da ke kusa. Ga littafin bayanin madubin nan cikin ledarsa, ko ɓare ta ba a yi ba. Ta yage ledar, ta buɗe shi.

"Ranka ya daɗe, fentin da ke kan madubin nan bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ko yatsa ba a sa masa. A shafin farko aka rubuta. Shekara biyu ina roƙo, kana ce mini yara za su lalata!"

Shugaba ya taso ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"To, Allah ya rufa asiri, daga waje ba a gani. Baba, mayar da murfin."

Baba ya ɗauka zai rufe. Ta fizge murfin daga hannun Baba ta jefa kan wasiƙun, ta kwance bututun daga ƙafafunsa ta saɓa a kafaɗa.

"Malama! Ina za ki da kayan makaranta? Zan rubuta miki takardar tuhuma!"

"Rubuta biyu, ranka ya daɗe."

Ta bi baranda da shi, malamai na leƙowa ta taga. A aji ta kwantar da shi kan tebur, ta ce a yi layi. Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa. Ba wanda ya yi dariya. Dogon nan ya fi kowa daɗewa.

"Malama, yanzu ba za mu gani ba ke nan?"

"Ba za ku gani ba. Na yi muku alkawari, ban cika ba. Amma wannan kun gani da idonku, ku je gida ku faɗa yadda yake."

Mako uku suka cika, suka rubuta jarrabawa, suka zana murɗaɗɗe da mai kamar ƙwai daga abin da suka haddace, suka tafi.

Kai mai karatu, kana da ɗa ko ƙanwa a wata makaranta. Gobe da safe ka je. Ka ce a buɗe maka sito da ɗakin gwaje-gwaje, ka tambaya wane yaro ne ya taɓa kayan ciki da kuma yaushe. In aka ce maɓalli yana hannun wanda ba ya nan, ja kujera ka zauna har ya zo.