Hotonmu a Kan Taragon Jirgi

Ni Sanda tela, ban taɓa son hoto ba. Zanzana ta yi min aiki a fuska tun ina yaro, ko madubi gaisuwar nesa muke yi. Maliki ne ya ja ni. Tare muka tashi a Abakpa, kwano ɗaya muke ci, har shi ya zama akawun gwamnati, ni kuma na zauna kan keken ɗinki.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, wani fim ɗin Indiya ya zo silima ya ƙi tafiya. A ciki akwai aminai biyu tsaye a kan taragon jirgi, iska tana kaɗa jan ƙyallen wuyansu. Muna fitowa Maliki ya ce, "Mutumina, wannan ai ni da kai ne. Sai mun ɗauki irinsa, 'ya'yanmu su gani."

Na ce da wace fuskar? Ya ce shi bai taɓa ganin komai a fuskata ba. Maganar nan ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

Na ture ɗinkin mutane gefe, na sha zagi. Na ɗinka mana riguna masu manyan kwala da wanduna masu faɗin ƙafa. Taragon da katako da kwali na haɗa shi, na zana duwatsu a jikin zanin gadon innata. Shi gogan, aikinsa taje suma. Muka tura kayan a kura har shagon Datti mai hoto a Unguwar Kanawa, aka kunna fanka don ƙyallen ya tashi. Muka hau, katako yana ƙara, muna danne dariya. Datti ya ce zai ƙara wa hoton girma, ya bi shi da buroshi ya sa masa launi kamar na bangon silima.

Daga nan shiru. Kullum na tambaya, Maliki ya ce fenti bai bushe ba. Fenti ne ko rijiya?

Ana cikin haka ya samu ƙarin girma, aka ba shi gidan gwamnati. Wata Asabar na kai masa kaftanin da na gama, na tarar da falo cike da 'yan ofishinsu, suna tsaye gaban bango suna yabo. Na kutsa kai.

Hotonmu ne, cikin firam. Ga taragona, ga duwatsuna, ga Maliki da kumatu jajur kamar an shafa masa jan baki. A inda na tsaya kuwa, bishiya ce. Datti ya bi ni da kore da ruwan ƙasa tun daga kai har ƙafa, har da rassa. Wa ya taɓa ganin bishiya ta tsiro a kan jirgi? Ba wanda ya tambaya.

Na ja Maliki gefe. "Datti ne ya ɓata, ko kai ka sa?"

Ya ƙi kallona. "Malam Sanda, ka gane mana. Falo ne, manyan mutane ke shigowa."

Malam Sanda. Tun da uwata ta haife ni bai taɓa kirana haka ba.

Wani mai tabarau, Isma'ila suke ce masa, ya juyo ya ce, "Wai wa ya ɗinka maka rigar nan ta hoto?"

Maliki ya samu mafita, har da murmushi. "Ga shi nan, telana ne."

"Madalla. Malam, ko ka taho da tef? Irinta nake so."

Tef ɗin awo yana aljihuna. Na jira Maliki ya ƙara ko da kalma ɗaya ce, ya sunkuya yana gyara labule. Na zaro tef ɗin, na ce wa mutumin ya ɗaga hannuwansa.