Takardar Gwajin Sharhabil

Hafiza tana aji uku a jami'a idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Ta ɗauka shawara ce. Da aka auna jininta a asibitin makaranta, Sista Ladi ta tura ƙofa ta gaya mata ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini ko ta kwanciya. Hafiza ta ce ai tana shan ƙwaya. Matar ta fahimtar da ita cewa ƙwayar tazarar haihuwa ciki kawai take hanawa, cuta kuwa sai kwaroron roba.

Sharhabil ne yake kawo mata ƙwayar, ɗan ajin ƙarshe, wanda ya shekara biyu yana yi mata alkawarin aure. Shi ya rantse mata cewa tana kare komai, Hafiza kuwa ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai shi. Da ta tare shi da maganar, ko gezau bai yi ba. Ya ce tun bara ya san yana da shi, ta rufa wa kanta asiri.

Bayan wata guda ta ga katin bikinsa da wata Ilham, 'yar unguwar Abakpa. Abokinsa Kabir kuma ya yi suɓul da baka, ya ce takardar gwajin jinin da aka kai gidan amarya a wani shago a Rigasa aka buga ta, ko allura ba ta taɓa Sharhabil ba.

Hafiza ba ta yi gaggawa ba. Ta bari aka kai lefe, aka fitar da anko, 'yan'uwansa na Katsina suka sa ranar tahowa. Sai da ya rage kwana tara ta hau Keke Napep daga Kurmin Mashi, ta yi sallama a gidan Hajiya Balaraba, mahaifiyar Ilham. Ta durƙusa ta ajiye nata sakamakon a gabanta.

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, ba don 'yarki na zo ba, don shi na zo. Ku kai shi asibiti da kanku, a ɗebi jinin a gabanku."

Kawun amarya ne ya kai shi washegari. Da la'asar ɗin jibi aka mayar da akwatunan lefe, unguwa tana kallo. Da aka auna Ilham ta fito lafiya, aka yi mata rigakafi.

Sharhabil ya yi ta kira har ta ɗaga. Ya ce ta kashe shi.

"Kana da rai," in ji ta. "Ran Talata ake ganin likitan hanta. Ka zo da wuri, akwai layi."

Ashe Hajiya Balaraba a sakatariyar gwamnati ɗaya take aiki da mahaifiyar Hafiza. Kafin magana ta zagayo, Hafiza ta shiga kicin ta sami Mama tana tankaɗen gari, ta zauna a kan turmi ta fara faɗa mata da bakinta.