Gangar Kawu a Cikin Tulu

"Kashe abin nan," in ji Kawu daga kan tabarma. "Wannan ba gangata ba ce. Wani ne ke dukan gwangwani."

Muhammad Auwal ya danne wayar. Kwana uku ya yi yana tonon intanet a rumfarsa ta kasuwar Gwiwa, inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya, kafin ya samo ɗan sautin nan. Kiɗan gayya, ƙasar Kazaure, an ɗauka shekara arba'in da wani abu. Ba sunan kowa. Daƙiƙa talatin kacal masu shafin suka saka don ɗanɗano, sun matse shi don ya buɗe da wuri. Ba ya saukuwa, sai dai a saurara in da sabis.

Kawu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya. Duk unguwa an san labarin ranar da wani baƙo ya zo gona da rikoda: Kawu na kiɗa, ƙanensa Falalu na waƙa. Damina biyu bayan nan Falalu ya rasu. Tun da ciwo ya kwantar da Kawu, magana ɗaya yake maimaitawa. Fuskar Falalu yana ganinta, muryar ce ta ɓace masa, kuma ba ya son ya tafi bai tuno ta ba.

"Kawu, ku ɗan jira. Waƙar tana gaba."

"Ba zan jira waƙar wani ba."

Inna Fatu, matarsa, tana bakin ƙofa tana dama kunun da ta san ba zai sha ba. "Malam, kai da kunnenka ɗaya ya mutu tun bara, ina ka ji gwangwani?"

"Ɗayan ya ishe ni gane hannuna."

"An rage wa sautin nauyi ne," in ji Auwal. "Ga wayar ma ƙarama."

"To su mayar da abin da suka cire."

Auwal ya juya wayar a hannunsa. Sifikarsa ta ƙone makon jiya. Samo wata sai an je Kazaure, yau kuwa kwanan Kawu biyu ko ruwa da ƙyar yake haɗiyewa. Ya dubi ɗakin: fitila, buta, tsohuwar fartanya a rataye, tulu a kusurwa.

"Inna, da ruwa a tulun nan?"

"Ɗan kaɗan."

Ya fita da shi ya juye a gindin zogale, ya goge cikin da hularsa. Ya durƙusa, ya kwantar da tulun daf da kunnen Kawu mai ji. Sabis ya ɗauke. Suka zuba wa wayar ido tana ta juyi, akuya na kuka a waje. Da sabis ɗin ya dawo, Auwal ya danna, ya zura wayar ciki.

Kiɗan ya fito da kauri, har tabarma kamar tana amsawa. Kawu ya kasa kunne. Can wata siririyar murya ta hau kan gangar, ta ja, ta ja, sai sautin ya yanke a tsakiyar kalma.

Inna Fatu ta daina damu.

"Ja'iri," in ji Kawu a hankali. "Ya riga kiɗa shigowa. Kullum haka yake, ba haƙuri." Hawaye ya gangara masa cikin kunne. "Auwalu, sake."

Ya sake. Ya sake kuma, har aka kira la'asar, har caji ya ƙare.

Washegari da hantsi Kawu ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, gidan ya cika da masu gaisuwa, ruwan sha ya yi kaɗan. Auwal na tsaye a tsakar gida ya ga Sadiyya, 'yar Kawu, ta sunkuci tulun za ta rijiya.

"Bar wannan," in ji Inna Fatu. "Ɗauki bokiti."

Ta karɓe shi da hannu biyu ta koma ɗaki, ta ajiye inda kan Kawu yake jiya, ta zauna a gefensa.