Jirgin da Ihsan Ke Jira

Rana ta take tsaka, kwaltar tashar mota har tana danƙo, amma yarinyar na zaune kan buhun albasa tana reto da ƙafa. Direban da ya kawo ta daga ƙauye ya sauke ta cikin sauran saƙonni, ya tafi salla abinsa.

Bara'atu, ma'aikaciyar da aka turo tashar don sa ido kan yara, ta tsuguna gabanta.

"'Yammata, mi sunanki? Wa za shi ɗauke ki?"

"Ihsan. Hajiya ta ce in na zo Sakkwato jirgin ƙasa za ni shiga."

Jirgin ƙasa, a garin da ko layin dogo babu! Bara'atu ta san wannan ƙarya. Bara ma wata yarinya, Murja, shi ta zo jira, daga baya aka same ta tana wanke-wanke a wani gida a unguwar Arkilla, bayanta duk shatin bulala.

* * *

Hajiya Dijatu, dillaliyar 'yan aikin gida, ta sauko daga keke napep tana baza turare. Bara'atu ta damƙe hannun yarinyar, ta kira ofis a turo mota. Aka ce motar ba mai, ta yi haƙuri. Haƙurin nan ya ishe ta.

Hayaniya ta jawo Mode, shugaban direbobi. Ya karɓi wayar Hajiya ya kira uban, ya saki muryar kowa ya ji.

"Ni na ba da ta riƙo," in ji uban. "Ɗiyata ce. Ku bar ta ta tahi."

"Malam, ka san gidan da za a kai ta?" Bara'atu ta tambaya.

"Hajiya ta sani."

Mode ya ware hannuwa. "Malama, mai ɗiya ya yi magana. Mu mi namu?"

Maza cike da tasha, kowa ya koma kan lodinsa. Hajiya ta ɓamɓare yatsun Bara'atu daga hannun yarinyar, ba ko gaggawa.

Keke ya tashi. Ihsan ta leƙo, fuskarta fal murna.

"Inna, in jirgin ya zo, ki ce shi jira ni!"

Bara'atu ta bi keken da kallo har ya ɓace. Wani ɗan dako ya zo ya sungumi buhun albasar, har yanzu da lotsawar inda Ihsan ta zauna.