Ɗigon da ke kan ƙanƙara

Tun da aka mayar da Gunvor gidan tsofaffi, akwatunan hotunan majigi suka dawo hannun 'yarta Torunn. Ƙananan hotuna ne masu bakin kwali, sai an haska su jikin bango ake ganin abin da ke ciki, majigin kuwa ya daɗe da mutuwa. Duk tsawon lokacin sanyi Torunn na zaune tana zura su a na'ura ɗaya bayan ɗaya suna shiga kwamfuta. Wanda ya koɗe ta farfaɗo da launinsa, wanda ya yi ƙura ta bi shi ɗigo-ɗigo ta goge.

Ran Lahadi da rana ta haɗa kwamfutar da talabijin ɗin ɗakin mahaifiyar. Yayanta Halvard ya zo da kofi da burodi da cuku, ya baje kan kujera.

"To, gwanar zamani, haska mana mu ga lokacin da nake da gashi."

"Yaya, ko a lokacin ma ba wani na kirki ba ne."

Gunvor, wadda yanzu sunan jikokinta ma kan ɓace mata, sai ga shi tana kiran matattu da sunayensu babu gargada. Ga ƙanwarta Borghild da kwandon kifi. Ga maƙwabcinsu mai karen nan da ba ya haushi. Har dariya ta yi.

Sai tafki ya fito, daskararre, fari fat, da layin bishiyoyi can ƙarshe. Na biyu ma haka. Na uku ma.

"Baba ke nan," in ji Halvard. "A sayi fim da tsada a ɗauki ƙanƙara."

Gunvor ta ajiye kofinta.

"Ina yake?"

"Wa, Mama?"

"Aslak. Ina kuka kai shi?"

Halvard ya daina tauna. Aslak shi ne ɗan fari. Yana da shekara bakwai ƙanƙarar tafkin ta fashe da shi, Halvard na rarrafe, Torunn kuwa ba a ma haife ta ba. Sun tashi da sanin cewa ba shi da hoto ko ɗaya, don sai a makon da Aslak ya rasu ne mahaifinsu ya sayi kyamara.

Tsohuwar ta dafa sandarta ta miƙe, ta je ta ɗora yatsa a jikin talabijin, gefen hagu, ƙasa da bishiyoyin.

"Nan yake. Babanku na gwada kyamara, shi kuma ya ƙi tsayawa. In kun yi barci mukan haska shi, ni da babanku."

Torunn ta zuba wa wurin ido. Ta tuna ɗigon. Baƙi ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya fito a duka hotunan uku, kowane ya ɗan fi na baya matsawa sama, ya ɗan fi ƙanƙanta. Har tsaki ta yi a ranar, ta hure gilashin na'urar. Da ya ƙi fita ta shafe shi da farin ƙanƙara, ta adana gyararrun a kan na farko.

"Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa, "akwatunan nan fa?"

"Ke kika ce kin gama da su."

"Suna ina?"

"Ran Juma'a na kai su wurin ƙona shara, tare da tsohuwar katifar Mama." Bai yarda sun haɗa ido ba.

Gunvor ba ta ɗauke yatsanta ba. Tana jira, irin jiran da takan yi musu a bakin ƙofa in sun daɗe a waje.

Torunn ta jawo kwamfutar bisa cinyarta. Ta buɗe wurin gyaran hoton, ta zaɓi baƙin launi.

"Bari in gani, Mama, wataƙila hasken ne ya ɓoye shi. A nan?"

"Sama kaɗan."

"Torunn," in ji Halvard, "kar ki yi."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta saka ɗigon a daidai bakin farcen mahaifiyarta, ɗan ƙarami, ta ɗan ja shi ya yi tsawo kamar mutum.

Gunvor ta gyara tabarau, ta matso har numfashinta na barin tururi a gilashin. Ta daɗe tana kallo. A waje wata ma'aikaciya ta wuce tana tura keken abinci, cokula na ƙara.

"Wannan tsaye yake," in ji Gunvor. "Nawa tafiya yake yi."

Torunn ta goge, ta sake wani, ta karkatar da shi. Ta goge ta sake.

"Bar shi, 'yar nan." Gunvor ta koma kujerarta a hankali, ta ja bargo ta rufe gwiwoyinta. "Ya riga ya yi nisa. Na ce wa babanku ya kira shi."

Halvard ya miƙa hannu zai kashe talabijin ɗin, ta ce a'a, a bar mata tafkin.