Allurar Tetsuji

Tetsuji mahaukaci ne, na sha faɗa masa ido da ido. A unguwarmu ta Koenji kowa na ɗaukar gajeren fim da 'yar kyamarar hannu, amma shi kaɗai ke bin zaren fim da allura yana kankare hotuna ɗaya bayan ɗaya, wai fasaha.

Fim ɗinsa na bara minti uku ne, kan wata mai shan jini. Matarsa Sumie ce ta fito, tana taje kai, shi yana tsaye bayanta, kuma ta cikin madubi kawai aka ɗauke su. Tunda masu shan jini ba sa bayyana a madubi, shirinsa shi ne ya kankare ta gaba ɗaya, hoto sama da dubu uku. Irin zaren nan kuwa ba shi da kwafi, wanda ya shiga kyamara shi ake haskawa.

Kafin ya fara, Sumie ta kwanta ciwo, sati biyu ta rasu. Duk duniya babu inda ta rage tana motsi sai cikin zaren nan.

Na same shi a ɗaki da allura a hannu, taliyar soba ta sandare a kwano.

"Haba Tetsu, ajiye abin nan."

"Mai shan jini da fuska a madubi? Dariya za su yi mini, Nobuo."

"Su wa? 'Yan kallon nan naka goma sha biyu da ba sa wanka?"

"Ita ta kawo shawarar," ya ce.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara ya tara mu a bayan shagon shayi. Ni ke kunna injin haska fim, kuma wallahi haushinsa nake ji, har na so zaren ya tsinke.

Haske ya hau bango. Ashe ya yi kankarar. Ɗakin ya tafi, madubin ya tafi, shi kansa ya goge kansa tas. Sumie kaɗai ta rage cikin farin fili, tana taje kai, tana danne dariya saboda haƙoran roba sun ƙi zama a bakinta.

Wani mai gemu ya fara surutun sabon salo. Ni kuka nake yi, ban ɓoye ba.

Zaren ya ƙare. Tetsuji bai juyo ba.

"Nobuo," ya ce, "sake sa mini ita."