Kayan Sallar Abatcha

"Rauda, ɗauki tukunyar nan ki tafi da ita, ta ishe ni," in ji Ya Batul, tana turo mini ita da ƙafa.

Na tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Shekara goma muna haya a gida ɗaya a Kagarawal, ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yar da ko gwangwanin madara ba. Tun da ta gudo daga Bama da zani ɗaya a jikinta, komai ta samu sai ta adana: jarkoki, ledoji, fanka marar kai. Ɗakinta sai a karkace ake shiga. Har tsokanarta nake yi, in ce 'yan gwangwan za su naɗa ta sarauniya.

Amma tunda likita ya ce a maido ta gida a ci gaba da addu'a, sai ta kama rabo.

"Ya, ai za ki warke ki nemi abinki."

"In na warke na ara a wurinki. Jiya da aka fitar da buhunan nan, barci na yi har rana ta fito. Ashe duk shekarun nan gadi nake yi."

Cikin sati ɗaya ɗakin ya zama fili. Ta koma zama a tsakar gida tana shan iska, tana ba yara labari, abin da ban san ta da shi ba. Akwatin ƙarfe ɗaya ne kawai ta kasa taɓawa, kuma na san dalili. Ranar gudu ta rabu da ɗanta Abatcha, saurayi ɗan ashirin da biyu, ba gawa ba labari. Duk ƙaramar Sallah sai ta sayi shadda, tela ya ɗinka da awon da ta riƙe a ka, ta turara ta ajiye masa a akwatin.

Ranar Alhamis da hantsi ta kira ni, ta sa na buɗe. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin.

"Rauda, in na bayar, na ce ya mutu ke nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Ya."

Ta daɗe tana shafa wuyan wata shuɗiyar riga. "In yana raye, yanzu ya yi jiki, ba za su shige shi ba. In ba ya raye, can ba a sa shadda." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da kanta ta zaɓi mutanen. Ta zauna a zaure tana auna kafaɗun masu wucewa da ido: mai shayin bakin layi, 'yan ga-ruwa, masu Keke, har da Alfred mai gyaran janareto. Duk wanda ta miƙa wa sai ta ce, "Allah ya kai ka gida lafiya."

Ranar Litinin bayan azahar ta cika, kanta a kan cinyata. Na yi kuka sosai, don ni kaɗai ce kamar 'yarta a garin nan.

Da aka fito da makara na leƙa ta labulen zaure. Ba wanda ya ce musu su sa, amma duk sun zo a cikin kayan. Tara sun jera a sahu, Alfred yana tsaye a gefe da hannu a baya, shatin ninki bai ko baje a jikin rigunan ba.